Tsintsiyar Yayan Matata Ta Share Mutanen Faw

Inna Sabuwa, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zai hana ni haɗa ido da mutanen gidan da nake zaune. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, matata ma takan ce ba na iya faɗin magana sai na bi da ita ta Kasala sannan in dawo Gadarif. Sunayen da zan ambata na canza su, ko da yake wanda ya san unguwarmu ba zai sha wuyar ganewa ba.

Ni haifaffen Bahri ne, kusa da Khartum. Kakannina daga ƙasar Hausa suka taso da niyyar hajji, suka tsaya a hanya, tsayuwar da har yau ba mu tashi ba. A Khartum aikina gwada manhajojin kwamfuta: wasu su rubuta, ni kuma in zauna in nemo inda abin zai karye kafin ya karye a hannun mutane. Da yaƙi ya ɓarke a 2023 muka fito ni da matata Israa da 'yarmu Hajar. Mun fara tsayawa a Madani, can ma abin ya biyo mu, sai muka ƙaraso Gadarif, gidan babban yayanta, Ustaz Abdulmuminu.

Inna, dole in faɗa miki ko wane ne mutumin nan, don ki gane nauyin da ke kaina. Ranar da muka iso, ɗakinsa ya ba mu, shi ya ja gadonsa ya koma ƙarƙashin rakuba, rumfar nan ta tsakar gida. Bai taɓa tambayarmu yaushe za mu tashi ba, ko da wasa. Shi ya kai Hajar makaranta. Lokacin da na yi watanni ba na iya cin abinci sosai, ina zaune ina kallon bango, shi ne yake janyo ni masallaci, ya biyo da ni ta wurin masu jabana mu sha gahawa, yana ta ba ni labarin ɗalibansa na dā har in yi dariya ban sani ba.

Ustaz tsohon malamin lissafi ne. Bayan ya bar koyarwa ya zauna ya koya wa kansa rubuta manhaja, kuma shi kaɗai ya gina wa ƙungiyar ƙananan manoma ta nan rumbun bayananta. A ciki akwai sunan kowane manomi, da gonarsa, da irin da aka ba shi na riɗi ko na dawa, da kuma layinsa na tarakta. Mambobin sun bazu tun daga kewayen gari har Faw da Shuwak. Ke kin san ƙasar nan: ruwa na sauka lakar ta kama, lokacin shuka gajere ne, wanda taraktar ta tsallake shi ya yi asarar daminarsa. Kafin aikin Ustaz, an ce kowace shekara sai an yi cacar baki a kan layin nan, wani lokaci har da sanduna. Yanzu shiru. Saboda haka mutane suna ganin girmansa, kuma ya cancanta.

To bana sai kwamitin ƙungiyar ya ce aikin ya yi wa sakatare yawa, a haɗa rumbun da wakili na ƙirƙirarriyar basira. Yadda abin yake, sakatare zai faɗa wa wakilin abin da yake so da magana irin tamu, shi kuma wakilin ya duba umarnan da Ustaz ya rubuta ya zaɓi wanda ya dace ya aiwatar. Abin da yake dogara da shi wajen zaɓen kuwa ɗan bayanin da aka rubuta a jikin kowane umarni ne. Abin da aka rubuta shi ya sani. Abin da ba a rubuta ba sai ya yi hasashe, kuma ba ya jin kunyar hasashensa.

Shugaban ƙungiya, Hajj Mahmudu, ya ce tunda ga mai gwada manhaja daga Khartum Allah ya kawo har gida, in duba bayanan nan in kawo rahoto. Kowane umarni in ce ko bayaninsa ya isa, ko yana son gyara, ko kuwa kada a ba wakili shi sam. Ustaz da kansa ya ba da sunana. Shi ne aiki na farko irin nawa da na samu tun fitowarmu.

Yawancinsu ban sami abin cewa ba, mutumin yana da tsabtar aiki. Sai na zo kan umarnin da yake goge bayanai masu yawa lokaci guda. Ustaz ya raɗa masa suna Tsintsiya, kuma yana ji da shi kamar ɗan fari. Ga bayanin da ya rubuta a jikinsa, ban rage ko harafi ba: “Tana share bayanan da ba a buƙata. A yi amfani da ita da hankali.”

Shi ke nan, Inna. Bai ce abin da ta share ba ya dawowa ba. Bai ce idan an bar gurbin sharaɗi babu komai za ta ɗauka ana nufin kowa da kowa ba. Bai ce idan ta cire manomi tana tafiya da gonarsa da irinsa da layinsa na tarakta ba. Akwai wani umarni dabam da yake ajiye bayani gefe ba tare da ya goge ba, bai ce a fara gwada shi ba. Bai ce a nuna wa mutum waɗanda za a share a jira amincewarsa ba.

Na kwafi rumbun na yi gwaji a kan kwafin, ba a kan na gaske ba. Na ce wa wakilin ya cire manoman Faw da suka bar ƙungiya. Ya duba, bai sami inda aka bayyana yadda ake gane wanda ya bari ba, sai ya sa sunan Faw kawai ya saki Tsintsiya. Mutanen Faw kaf suka ɓace, da wanda ya bari da wanda yake gonarsa yana jiran tarakta. Sannan ya rubuto mini cikin ladabi cewa an kammala, ko ina so a yi wa Shuwak haka ita ma? Na sake gwadawa, na ce akwai wani Hamoda da aka rubuta sau biyu, ya cire maimaicin. Ke kin san yawan masu amsa Hamoda a ƙasar nan. Ko ɗaya bai bari ba.

Tun ranar nake ta neman hanya. Na fara da habaici. Muna shan shayi na ba shi labarin wani da na ce na sani a Khartum, wanda ya rubuta umarni mai haɗari bai yi masa bayani ba. Ustaz ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce irin waɗannan mutane bai kamata a bar su kusa da kwamfuta ba, ya ƙara mini shayi. Wata rana na ɗan matsa, na tambaye shi ko yana ganin bayanin Tsintsiya bai yi gajarta ba. Ya ce ai an ce na'urar mai basira ce, mai basira kuwa ishara ta ishe shi, kuma shi shekarun nan yana amfani da ita bai taɓa share ko akuya bisa kuskure ba. Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba.

Na kai wa Israa kuka. Ta ce tun rasuwar mahaifinsu ba ta taɓa ganin wanda ya ce wa Yaya ya yi kuskure ba, kuma ba ta shirya zama matar mutum na farko ba. Ta ce mu maza mu gyara abinmu, kada in sa ta a ciki, ta ci gaba da yaɓa kisirarta.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, Ustaz ya riga ya gaya wa rabin masallaci cewa surukinsa ƙwararre daga Khartum yana duba aikinsa, kuma kowa zai ji sakamako. Idan muka fito daga salla dattawa sai su riƙe mini hannu suna tambayar yaya aikin Ustaz, ni kuma in ce tamam, tamam, komai daidai, ina kallon takalmana.

Akwai wani abu kuma da ban gaya wa kowa ba. Lokacin da na ga Faw ta ɓace a allon, kafin tsoro ya zo mini, daɗi na fara ji. Tun da muka zo ni ne mai karɓa, shi ne mai bayarwa, sai ga rana ɗaya na san abin da bai sani ba. Na zauna na rubuta rahoto mai zafi, shafi bayan shafi, har da kalmomin da ko a Khartum ban taɓa jefa wa kowa ba. Da na sake karantawa kunya ta kama ni, na ɓoye shi.

Yanzu zaman kwamiti ya matso, gajimare kuma sun fara haɗuwa ta gabas. Wani lokaci in ce bari in rubuta “yana son gyara” kawai in wuce, ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Wani lokaci in ce tunda ina da mabuɗin shiga, in gyara bayanin a ɓoye in ba shi “ya isa”, kowa ya huta. Wani lokaci kuma in ce in faɗi gaskiya a gaban kwamiti, in ya so mu nemi ɗaki a wata unguwa. Inna, yaya mutum zai ce wa wanda ya kwana a waje dominsa aikinsa yana da haɗari?

Naki,
Baƙon da ya daɗe, Gadarif

*

Wa alaikumus salam, ɗana Baƙo.

Matarka ta yi gaskiya, ka bi ta Kasala, amma ka iso, kuma na gode da ka kawo kayan duka ba ka zubar da na kunya a hanya ba. Na yi dariya a kan su Hamoda, Allah ya yafe mini. Da na tuna cewa kowane Hamoda a cikinsu yana da gona da iyali, sai dariyar ta tsaya.

Bari in fara da kare Ustaz, tunda ba ya nan. Mutumin nan bai yi ganganci ba. Ya rubuta bayani irin wanda mutum yake rubuta wa kansa. Shi ya ƙera Tsintsiya, ya san bakinta ya san gindinta, duk abin da ka lissafa cewa babu a rubuce yana nan a cikin kansa, shi ya sa bai taɓa kuskure ba. Abin da ya canza shi ne an kawo sabon ma'aikaci wanda ba ya iya leƙa cikin kan Ustaz. Idan manomi zai ƙone ciyawar gonarsa da kansa, ba ya buƙatar kowa ya gaya masa inda iyaka take. Ranar da zai miƙa ashana ga baƙon da ya sauka jiya daga Gallabat, “ka yi da hankali” ba ta isa ba, sai ya taka da shi ya nuna masa gonar maƙwabci. Wakilin naku ma ya fi baƙon nan zafin nama, kuma kamar yadda ka gani, idan ya gama da gona ɗaya yakan nemi ta gaba. Don haka Tsintsiya ba ta da laifi, ta yi abin da aka ƙera ta ta yi. Bayaninta ne bai kai ba. Ka riƙe wannan bambancin da kyau, domin da shi za ka shiga wurin surukinka.

Yanzu kai. Hanyoyinka uku duk ban saya ba.

Ka rubuta “yana son gyara” alhali ka ga gari guda ya ɓace a gabanka, wannan ƙarya ce da ta yi wanka ta sa turare. Kwamiti zai karanta ya ce to a gyara bayan damina, a ba wakili Tsintsiya, sakatare ya faɗi magana ɗaya a gurguje ranar da mutane suka cika masa ofis. Kuma idan abin ya faru, sunan wa za a kira a kasuwa? Ba naka ba. Na Ustaz. Shirun da kake gani kamar rufa masa asiri ne, rami ne kake haƙa masa.

Gyara a ɓoye kuwa, malamin lissafi ne fa. Mutumin da ya yi shekaru yana gane ɗalibin da ya kwafi amsa daga yadda ya ja layi, kana ganin ba zai gane an taɓa masa rubutu ba? Ranar da ya gane, abin da zai ji shi ne kana zaune a gidansa kana ganin bai isa a gaya masa gaskiya ba. Wannan ya fi kowane rahoto ciwo. Ban da haka, gobe zai rubuta sabon umarni da irin wannan gajeren bayani, tunda ba wanda ya nuna masa.

Ta ukun ma ka ajiye ta. Mutum mai girma a idon jama'a ba a fara gaya masa kuskurensa a gaban jama'ar. Rahoton nan mai zafi da ka ɓoye, ka ba shi Tsintsiya, a nan kam ta dace. Daɗin da ka ji kuma kada ya hana ka barci. Wanda ya daɗe yana miƙa hannu yana karɓa, ran da ya ga yana da abin bayarwa dole zuciyarsa ta yi tsalle. Abin dubawa shi ne yadda za ka miƙa abin: ko kyauta, ko mari.

Ga abin da nake so ka yi, kuma a makon nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka daina habaici, ka ga dai inda ya kai ka, ƙarin shayi kawai ka samu. Ka sami Ustaz shi kaɗai ka ce akwai abin da wakilin yake yi da ya ɗaure maka kai, kana so ya gani da idonsa. Ka buɗe masa kwafin, ka ba shi kujera, shi ya rubuta umarnin da hannunsa, kai ka koma gefe ka kama bakinka. Gani ya kori ji. Idan ya ga abin da ya faru, kada ka ce ai na faɗa, domin ba ka faɗa ba, labarin wani mutumin Khartum ka bayar.

Daga nan ka mai da shi malami, aikin da ya fi iyawa. Ka ce ya ɗauka wakilin sabon ɗalibi ne mai ƙoƙari marar wayo, ya koya masa Tsintsiya daga farko. Kai ka riƙa tambaya, shi yana amsawa, ana rubutawa. Me take sharewa, me take ja ya bi? Ana iya dawo da shi? Idan ba a ba ta sharaɗi ba, me ya kamata ta yi? A nan ina fatan da bakinsa zai ce ta ƙi motsi. Yaushe ake ajiyewa gefe maimakon sharewa? A sa misali ɗaya na yadda ake yi da ɗaya na yadda ba a yi, ku ari su Hamoda, sun riga sun sha wuya. A kuma rubuta ƙarara cewa kafin a share komai sai an nuna wa sakatare sunayen ya amince. Wannan na ƙarshe kada ku bar shi a rubutu kaɗai, ku gina shi a jikin umarnin, domin wanda ya iya karatu ya iya tsallake layi. Ku kuma riƙa ajiye kwafin rumbun a wani wuri dabam. Idan kun gama, ku sake gwajin nan na Faw tare, ku ga ko mutanen sun tsira.

A rahoton ka faɗi gaskiya duka: yadda ka sami bayanin, abin da gwaji ya nuna, gyaran da mai aikin ya yi, da yadda gwaji na biyu ya kasance. Ka nuna masa kafin ka kai. In ya yarda, shi ya tashi ya yi wa kwamiti bayani, kai ka zauna kana gyaɗa kai. Idan kuma lokaci ya ƙure ba a gama ba, ko ya ƙi gyaran, to ka rubuta “kada a ba wakili” ka sa hannu, bayan ka gaya masa ido da ido cewa haka za ka rubuta. Amanar da Hajj Mahmudu ya ba ka ta manoma ce, kuma ba ka da ikon biyan alherin surukinka da gonar wani.

Israa kuma ka ƙyale ta, ta fi ka sanin gidansu. Ka dai gaya mata ranar da za ka yi maganar, don ta san irin miyar da za ta kaɗa.

Zai iya yin fushi. Zai iya yin kwana biyu yana amsa gaisuwarka a taƙaice. Ka jure, ka ci gaba da bin sa masallaci, kada ka fara ɗaure kaya. Amma ka tuna cikin duk mutanen da ya sani, kai ya zaɓa ya ce a ba aikin, kuma ya san sana'arka neman inda abu zai karye ce. Mai son yabo kawai ba ya kiran irinku. Ina kyautata zaton a ƙarƙashin alfaharin nan akwai mutumin da ya gina abu shi kaɗai shekara da shekaru, ba shi da wanda zai tambaya ko ya yi daidai, yanzu kuma Allah ya kawo masa abokin aiki har cikin gida. Ka zama abokin aikin. Daga ranar ka daina sa hannu da sunan baƙo.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba da damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Inna Sabuwa